Awa 24 na farko: kundin bibiyar waɗanda aka tsare a unguwanninmu

Wannan kundi na kwamitin sa-kai ne da ke aiki a unguwanni uku na cikin birnin Kano. Akwai malaman makaranta a cikinmu, da 'yan kasuwa, da ɗalibai, da lauyoyi biyu da suke ba da lokacinsu kyauta. Aikin shi ne: idan an kama ɗan unguwa, a san inda yake, da ƙarfe nawa aka kama shi, da dalilin kamun, sannan a bi takardarsa kada ta kwanta a tebur. Ba ma sa sunan wanda aka tsare a nan, haka ma sunan caji ofis ko na jami'i.

Asabar, 11 ga Janairu, 2025

An tsayar da iyakar aiki. Maganar ya aikata ko bai aikata ba ta alƙali ce, ba tamu ba. Namu shi ne a bi doka wajen tsare shi, ko da kuwa kowa a layi ya san ba shi da hali.

An sayi babban littafin rajista mai tauraren bango, an ja masa layi goma sha ɗaya: lambar shigarwa, sunan wanda aka kama, shekarunsa, ranar kamu, lokacin kamu, wurin da aka kama shi, caji ofis ɗin da yake, zargin da ake yi masa, sunan ɗan sanda mai bincike, ɗan uwan da za a riƙa tuntuɓa, sai matakin da ake ciki. Layin lokaci shi ne zuciyar littafin. Sashe na 35 na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya ce a kai wanda aka kama kotu cikin kwana ɗaya idan akwai kotun da ta dace a cikin nisan kilomita 40, in babu kuwa kwana biyu, ko wa'adin da kotu ta ga ya dace. A cikin birnin Kano ba caji ofis ɗin da ya yi wa kotu nisan kilomita 40, don haka awa 24 muke lissafawa. Sashen ya keɓe wanda ake zargi da laifin da hukuncinsa kisa ne, kamar kisan kai da fashi da makami, kuma dole kowane ɗan kwamiti ya san wannan kafin ya je ya buɗe baki a gaban kantar caji ofis.

Iyalai kan ce "tun jiya da daddare", wannan kuwa ba ya shiga takardar koke. An umarci mai riƙe da waya ya nace sai ya samu abin da zai kafa lokaci da shi: kafin sallar isha'i ne ko bayanta, ko kuma a duba kiran ƙarshe da ya shiga wayar wanda aka kama.

Wayar kwamiti ɗaya ce, tana zagayawa mako-mako. Mutum biyu ke zuwa caji ofis, ba a zuwa ɗai-ɗai. Ba mai karɓar ko sisi daga iyali, ko da kuɗin adaidaita sahu ne. Kuɗin mota daga asusun karo-karo yake fita.

Asabar, 25 ga Janairu

An buga katin aljihu guda 500. Rubutun farko ya yi tsawo, ya koma kamar takardar jarrabawa, sai aka rage shi zuwa layi shida: a gaya maka dalilin kamunka, kana da ikon yin shiru har ka ga lauya ko wanda ka zaɓa, a sanar da danginka ba tare da ka biya ba, kada ka sa hannu a takardar da ba a karanta maka da harshen da kake ji ba, beli a caji ofis kyauta ne, sai lambar wayar kwamiti.

Gaba boko, baya ajami. Ajamin da kwamfutar mai buga takardu ta fitar bai karɓu ba, domin salon rubutun ba irin na allo ba ne, waɗanda suka yi makarantar allo suna tuntuɓe a kansa. Wani alaramma ya rubuta mana da hannu da tawada mai kauri, aka ɗauki hotonsa aka rage girma. An kuma lulluɓe katunan da leda, don na gwaji da aka bari haka sun jiƙe da zufa a aljihun masu sana'ar hannu har rubutun ya goge. An fara rabawa a majalisun matasa, da garejin kanikawa, da wurin 'yan adaidaita sahu.

Litinin, 10 ga Fabrairu

An kammala zagayen gaisuwa: hakimi, masu unguwannin uku, limaman Juma'a, sai DPO-DPO, wato shugabannin caji ofis, na yankin, ta hannun kwamitin hulɗar 'yan sanda da jama'a. Kowa an ba shi wasiƙa mai ɗauke da sunayen 'yan kwamiti da hotunansu, an kuma karɓi kwafi mai hatimin shaidar karɓa. Wannan kwafin ake riƙewa a jaka duk lokacin da za a je, saboda jami'an kanta suna canzawa, na dare bai san abin da aka yi da rana ba.

Yadda ake shiga yana da tasiri fiye da yadda sababbin 'yan kwamiti suke zato. Wanda ya shiga yana karanto sassan doka da ƙarfi, ƙofa rufewa take yi. Tsarin da aka tsaya a kai: sallama, gabatar da kai, sannan "Yallaɓai, an ce mana wane yana wurinku, mun zo mu tabbatar, mu kuma san wanda ke riƙe da bincikensa." Tambaya uku kawai ake yi a zuwan farko: an shigar da sunansa a littafin tsarewa? Wane zargi aka rubuta? An ɗauki jawabinsa? Iyali kuwa ana roƙonsu mutum biyu su zo, sauran su jira a gida. Taron mata da yara suna kuka a bakin ƙofa abin tausayi ne, amma yakan sa a hana kowa shiga har da mu.

Maganar jawabi ita ta fi damun lauyoyinmu. Da Turanci ake rubuta shi, mafi yawan waɗanda ake kamawa kuwa ba sa karanta Turanci. Sashe na 17 na dokar gudanar da shari'ar laifuka ta tarayya ta 2015 ya tanadi a ɗauki jawabi a gaban lauya, ko jami'in Hukumar Ba da Agajin Shari'a, ko wani da mutumin ya zaɓa, kuma idan ba ya jin Turanci a samo tafinta ya karanta masa, shi ma tafintan ya sa hannu. Jihar Kano tana da tata dokar ta 2019 a kan wannan tafarki. Da zarar mutum ya dangwala yatsa a takardar da ta ce ya amsa laifi, warware ta a kotu aikin watanni ne. Shi ya sa muke gaggawar isa kafin a ɗauki jawabi.

Juma'a, 28 ga Fabrairu

Yau ce ranar aiki ta ƙarshe a wata, ranar da doka ta ce shugaban kowane caji ofis ya kai wa majistare rahoton waɗanda aka kama ba da waranti ba. Doka ta kuma ɗora wa babban majistare ziyartar caji ofis aƙalla sau ɗaya a wata, ya duba littafin tsarewa, ya ba da beli inda yake da hurumi, ko ya ba da umarni a kai mutum kotu. Sashe na 33 da na 34 ne a dokar tarayya ta 2015, kuma Dokar 'Yan Sanda ta 2020 ta maimaita su. Daga wannan wata za mu riƙa kai wa rajistaran kotu jerin sunayen da ke littafinmu waɗanda awa 24 ɗinsu ta wuce, don idan ziyara ta zo a tambayi mutum da sunansa.

Iri biyu na kamu suka fi cika littafin a wannan wata, kuma dukkansu doka ta hana su kai tsaye.

Na farko kamun madadi. An zo neman wani matashi ba a same shi ba, aka tafi da mahaifiyarsa, dattijuwa mai hawan jini, aka ce tana nan har ya kawo kansa. 'Yan kwamiti sun same ta zaune a kan benci a bayan kanta da hijabin da ta yi sallar magariba, babu takalmi, maganinta yana gida. Sashe na 36 na Dokar 'Yan Sanda ta 2020 layi ɗaya ne: ba a kama wani a madadin wanda ake zargi. Ba a yi gardama da na kanta ba. An nemi ganin DPO, aka miƙa masa kwafin shafin dokar, aka tambaya cikin ladabi wane zargi aka rubuta a kan ita kanta. Babu. An sallame ta a daren. Tun daga nan kowace jaka tana ɗauke da kwafin wannan shafi da na sashe na 32.

Sashe na 32 ɗin shi ne na iri na biyu, wato bashi da saɓa alkawarin ciniki. Ya ce ba a kama mutum don kawai rikicin kuɗi ko karya yarjejeniya. Matsalar ita ce mai bin bashi ba ya cewa bashi. Cewa yake an ci amanarsa ko an damfare shi, waɗannan kuwa laifuka ne a kundin dokokin laifuka na Penal Code. Abin da ke raba gardama shi ne shaidar cewa ciniki ne tun asali: takardar yarjejeniya, saƙonnin waya, shaidar tura kuɗi ta banki da ke nuna an biya wani kaso. Ana sa iyali su tattaro waɗannan kafin a je. Kuma ba ma barin mai bashin a baya, don shi ma yana da hakki, kuma idan ya ga an saki wanda yake bi ba tare da an saurare shi ba, gobe zai koma wani caji ofis ɗin. Ana haɗa su a zauren mai unguwa a rubuta yadda za a biya, in ya ƙi ci a nuna masa hanyar kotu.

Asabar, 15 ga Maris

Azumi. An ƙara layi na goma sha biyu a littafi: rashin lafiya da magani. An kuma tsara kai abincin buɗa baki da na sahur ga waɗanda danginsu ke nesa. Mai kai abinci yakan ɗanɗana a gaban jami'i, kuma a leda ko roba ake zubawa, ba a kwanon ƙarfe ba.

Beli. A bangon caji ofis da yawa an rubuta cewa kyauta ne, amma iyali sukan zo da kuɗi a ƙulle tun daga gida, wani lokaci tun kafin a tambaye su. Abin da muke yi: ɗan kwamiti ya rubuta takardar neman beli da sunan mai tsayawa, a miƙa wa DPO ba mai bincike kaɗai ba. Idan aka ambaci kuɗi, amsa ɗaya ce: "Yallaɓai, a ba mu rasidi." Galibi maganar a nan take mutuwa. Wasu iyalai duk da haka suna zagayawa ta bayanmu su biya, don suna tsoron a ƙara wa ɗansu kwana, kuma ba mu ga laifinsu ba. Muna dai rubutawa a littafi.

Babban cikas shi ne mai tsayawa. Ba a fafe gora ranar tafiya, don haka an fara tara sunayen dattawan unguwa da suka yarda su tsaya wa wanda suka san gidansu. Kowanne yana da ambulan a ajiye: hoton fasfo biyu, kwafin katin NIN, takardar shaidar zama daga mai unguwa. Ana karanta wa kowa nauyin da ya ɗauka kafin ya sa hannu: idan wanda ya tsaya wa ya gudu, kotu za ta iya neman kuɗin da aka rubuta a takardar beli daga gare shi. Mutum biyu sun janye da suka ji haka, kuma gara su janye yanzu.

An ƙi karɓar wata mata a matsayin mai tsaya wa mijinta, aka ce ta kawo namiji. Sashe na 167 na dokar tarayya ta 2015 ya hana a ƙi mutum tsayawa don kawai mace ce, sashe na 42 na Tsarin Mulki kuma ya hana wariya saboda jinsi. Lauyarmu ta yi magana ta waya, aka karɓa.

Litinin, 7 ga Afrilu

Makon Sallah ya zo da kamen taro a wuraren da aka yi faɗan daba, kuma irin wannan kamu yakan haɗa da mai wucewa da mai shago da yaron da aka aika. Ga yara, abin nema na farko shaidar shekaru ce: takardar haihuwa, katin rigakafi, ko wasiƙar shugaban makaranta daga rajistar shiga. Idan ba a kai wannan da wuri ba sai a rubuta wa ɗan shekara 15 shekara 19, daga nan ya bi layin manya.

A zaman masallaci wasu dattawa sun ce muna goyon bayan 'yan daba. Ba magana ce ta banza ba. Waɗanda suka faɗe ta an sari 'ya'yansu, an ƙwace wayoyinsu a bakin layi. Amsar da kwamiti ya bayar ita ce ba mu taɓa neman a saki wanda aka kama da makami ba, abin da muke nema a kai shi kotu da shaidu. An kuma yanke cewa duk wanda aka yi wa ɓarna ya zo, za a raka shi ya shigar da ƙara, a tuna masa ranar zaman kotu, don shari'o'in daba da yawa suna rushewa ne saboda masu shaida ba sa zuwa.

Asabar, 26 ga Afrilu

An buɗe littafi na biyu, na waɗanda suka wuce caji ofis suka shiga gidan gyaran hali suna jiran shari'a, a Kurmawa ko Goron Dutse. A faɗin Nijeriya kimanin kashi biyu cikin uku na mutanen da ke gidajen yari ba a yanke musu hukunci ba, kuma yadda hakan ke faruwa ba ɓoyayye ba ne.

Ana kai mutum gaban majistare da takardar FIR, wato rahoton farko na 'yan sanda, mai ɗauke da babban laifi, misali fashi da makami. Majistare ba shi da hurumin sauraron wannan, sai ya ba da umarnin tsarewa ya sa ranar dawowa. Kundin bincike kuma dole ya bar hannun 'yan sanda ya tafi wurin lauyoyin gwamnati su ba da shawara: akwai hujjar gurfanarwa a babbar kotu ko babu. A dokar tarayya umarnin tsarewa na farko bai wuce kwana 14 ba, sabuntawa ma tana da iyaka. Amma takarda tana iya tsayawa a wuri huɗu. Ba a yi kwafin kundin an aika ba. An aika amma ba a raba wa lauya ba. Shawara ta fito amma ba ta isa kotu ba. Ko kuma an canza wa mai bincike wurin aiki, ba wanda ya gaji fayil ɗin. A kowane hali, ranar dawowa tana zuwa a ɗage, a sake ɗagewa, wata rana ma ba a kawo mutumin kotu don babu mota.

Ba a iya bin komai sai da lambar shari'a, kuma mafi yawan iyalai ba su da ita. Wasu ba su ma san kotun da aka kai ɗansu ba. Ana samun lambar da sunan kotun a jikin warantin tsarewa da ke ofishin rajistar gidan gyaran hali, lauya ne ke nema. Daga nan matakan su ne: a je rajistar kotu a ga abin da aka rubuta a zaman ƙarshe, a rubuta wasiƙa zuwa inda fayil ya tsaya, kwafi biyu, a karɓi hatimi da kwanan wata a ɗaya, a koma bayan kwana 14. Idan an yi haka sau biyu shiru, lauya ya nemi beli a babbar kotu, ko ya shigar da ƙarar kare hakki ƙarƙashin sashe na 46 na Tsarin Mulki da ƙa'idojin shigar da irin wannan ƙara na 2009, waɗanda suka ba wani damar shigar da ƙara a madadin wanda ke tsare. Wasiƙun masu hatimi su ne hujjar da yake jinginawa a takardar rantsuwa.

Aikin nan yana cin lokacin lauya sosai, biyu kuma ba za su iya ba. An rubuta wa ofishin Hukumar Ba da Agajin Shari'a da reshen ƙungiyar lauyoyi ta NBA da na ƙungiyar lauyoyi mata ta FIDA, ana neman su ɗauki wasu fayiloli waɗanda muka riga muka tara wa lamba da tarihin zama.

Asabar, 17 ga Mayu

Wani da aka ba da belinsa ya fito da kumburi a wuyan hannu biyu, ba ya iya ɗaga kafaɗa. Dokar Hana Azabtarwa ta 2017 ta ba shi ikon likitan da ya zaɓa ya duba shi, ta hana amfani da jawabin da aka samu ta azaba a kansa, hukuncin mai azabtarwa kuma yana kaiwa ɗaurin shekara 25. An kai shi asibitin gwamnati a ranar, aka buɗe kati, aka roƙi likita ya rubuta girman kowane rauni da wurinsa. An ɗauki hoto da rula a gefen raunin, ɗaya daga nesa fuska na fitowa, ɗaya daga kusa. Kumburi yakan sauka cikin kwanaki, don haka ba a jira gobe. An shirya koke zuwa Hukumar Kare Hakkin Ɗan Adam ta Ƙasa, amma mahaifinsa ya ce a dakata, shari'ar yaron tana gaba kuma yana tsoron abin da zai biyo baya. An dakata. Shi da ɗansa ne za su kwana a unguwar, ba takardar ba. Rahoton likita da hotuna suna wurin lauya a kulle.

Game da biyan tara: a Nuwamban 2023 ma'aikatar harkokin cikin gida ta sanar da sakin mutum 4,068 da aka biya musu tarar da ta kai naira miliyan 585, abin da ya nuna yawan masu zaman gidan yari don talauci kawai. Masu hali a unguwa sun nuna suna son taimakawa ta wannan hanya. Kafin a karɓi kuɗin kowa sai an samo kwafin hukunci, saboda tara daban, diyyar da aka ce a biya mai ƙara daban, kuma biyan tara kaɗai ba lallai ya buɗe ƙofa ba idan diyya tana nan. Ana biya a kotun da ta yanke hukuncin, a karɓi rasidin gwamnati, a bi takardar saki har gidan gyaran hali.

Asabar, 21 ga Yuni

Ana haɗa jerin da za a miƙa ta hannun lauyoyi kafin ziyarar rage cunkoso ta gaba da Babban Alƙalin jiha zai kai gidajen gyaran hali. Doka ta ba Babban Alƙalin jiha ikon sakin wanda tsarewarsa ta saɓa wa doka ƙarara, ko wanda ya zauna yana jiran shari'a fiye da iyakar ɗaurin da za a yi masa da an same shi da laifin. Kowane suna shafi ɗaya: lambar shari'a, kotu, zargi, ranar shiga, ranar zaman ƙarshe, iyakar hukuncin laifin, halin lafiya, da wanda zai karɓe shi idan an sake shi. Wannan na ƙarshe ba a barinsa fanko.

Katunan farko sun ƙare, za a buga wasu 500 da ƙarin layi a kan kamun madadi. Ɗaliban da ke cikinmu sun shiga jarrabawa, don haka riƙon wayar dare ya koma kan mutum huɗu, ana neman ƙarin biyu, musamman mata, saboda ziyarar ɓangaren mata. Fayiloli uku har yanzu ba su da lambar shari'a. Wasiƙa ta biyu a kan fayil ɗin da mai bincikensa ya canza wurin aiki za ta cika kwana 14 ranar Alhamis, kuma lauya ya riga ya shirya takardun babbar kotu.